Yadda muka tayar da injin melanji na wani ƙaramin jirgi a Maradi

Na shafe fiye da shekara ashirin ina gyaran babura da ƙananan janareto da injinan feshin magani a garejina da ke nan Maradi, kuma a tsawon wannan lokaci babu injin da ya fi shiga hannuna kamar wanda muke kira injin melanji, wato mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da mai a tanki ɗaya. A kan tsofaffin mobilet na koyi aiki, na kuma ƙware a kan Yamaha da Suzuki masu hayaƙi tun kafin babura masu bugu huɗu su kore su daga hannun 'yan kabu-kabu, saboda haka a ganina babu wanda zai ƙara mini karatu a kan irin wannan inji. Da wannan tunani na tafi filin jirgin sama ranar da wani dattijo, tsohon ajidan na sojan sama, ya aiko a kira ni.

Abin da na tarar a rumfa bai yi kama da jiragen da na saba hangowa suna sauka ba. Fiffike ne guda mai kusurwa uku, na yadi mai ƙarfi da aka ɗame a kan bututun alminiyam, a ƙarƙashinsa an rataya ɗan keke mai ƙafa uku da kujeru biyu, ɗaya bayan ɗaya, sai inji da farfela a can baya suna tura shi. Faransawa suna kiran irinsa ULM. Wani aikin raya karkara ne ya sayo shi na hannu domin ɗaukar hoton gonaki daga sama, a ga yadda gawo da sauran itatuwan da manoma ke raino ta hanyar sassaben zamani suka yawaita, sai dai jirgin ya iso ya yi damina biyu a kwance ana jiran takardu. Ajidan ya yi aikin injinan jirgi a soja, ya kuma koyi tuƙin irin wannan ƙaramin jirgi bayan ya ajiye kaki, shi ya sa aka damƙa masa aikin, shi kuwa yana bukatar hannu na biyu da ya san melanji.

Injin Rotax 582 ne, ƙirar ƙasar Ostiriya, mai silinda biyu a jere, yana ba da ƙarfin doki 64 idan ya kai juyi 6,500 a minti. Ruwa ke sanyaya shi, yana da kafireta biyu ƙirar Bing, kuma kowane silinda yana da buji biyu, wato fulogin da ke kunna wuta, kowanne da hanyar wutarsa daban, ta yadda idan ɗaya ta mutu ɗaya za ta ci gaba. Tambayar da na fara yi ita ce me ya sa mai hankali zai ɗora ransa a kan injin da mu a ƙasa muka san shi da hayaƙi da cinye buji. Amsar Ajidan ba ta wuce maganar nauyi ba. Injin melanji yana kunna wuta a kowane juyi, alhali mai bugu huɗu sai ya yi juyi biyu yake kunnawa sau ɗaya, sannan ba shi da bawul-bawul da sandar da ke buɗe su, ba shi da kaskon mai a ƙasa. Da akwatin giyarsa da kafiretocinsa da sauran kayansa nauyinsa wajen kilo 50 ne kawai, kuma a jirgin da mutum biyu za su iya turawa da hannu, kowane kilo da aka rage a inji fetur ne ko kyamara da za a iya ɗauka.

Kafin in taɓa sifana sai da ya zaunar da ni ya fassara mini wani shafi daga littafin da masu ƙera injin suka rubuta. Ma'anarsa ita ce wannan inji, bisa yadda aka ƙera shi, yana iya tsayawa ba zato ba tsammani, ba shi cikin injinan da hukumomi suka tantance don manyan jirage, kuma kada a kuskura a tashi da shi a wurin da ba za a iya sauka lafiya ba idan ya mutu. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya rubuta irin wannan magana a kan hajarsa ba, kuma ita ta fara karya mini gwiwa.

Duk da haka halin gareji bai sake ni ba. Na juya farfela da hannu na ji matsi yana nan a silinda biyu, na duba na ga buji suna ba da wuta, sai na ce: “Baba Ajidan, a ba ni lita biyar in haɗa melanji, kafin azahar za ka ji kukansa.” Bai ce mini komai ba, ya miƙo mini littafin injin, wanda a cikinsa ake rubuta kowace awa da ya yi yana aiki. Awoyin ba su kai ɗari biyu ba, amma rabon da a buɗe shi ya wuce shekara bakwai. Ƙa'idar masu shi kuwa ita ce a warware shi gaba ɗaya a sabunta bayan awa 300 ko bayan shekara biyar, duk wadda ta riga zuwa. Na yi gardama sosai a kan wannan, domin a wurinmu injin da bai yi aiki ba sabo ne, har ma mai sayarwa yakan ƙara kuɗi yana rantsuwa cewa a ajiye yake. Ajidan ya ce mini: “Ɗana, zaman da ya yi shi ne ciwonsa. Mu buɗe, idan na yi ƙarya zan biya ka kuɗin yininka sau biyu.”

Mun fara da cire salansa, muka haska tocila ta ƙofar hayaƙi, inda ake iya ganin gefen fistan da zobbansa ba tare da an kwance komai ba. Zoben ƙasa na fistan ɗaya ya manne a gurbinsa saboda baƙin gawayi, ko da na danna shi da tsinke bai motsa ba. Zoben da ya manne ba ya rufe wuta, kuma ba ya miƙa zafin fistan ga bangon silinda, don haka fistan yana ta ɗaukar zafi har ya kumbura ya cije. Da muka fitar da ɗaya fistan ɗin kuwa sai muka ga wasu zane-zane guda huɗu a jikinsa, biyu ta gaba biyu ta baya, kamar an goga shi a dutse. Ajidan ya karanta su kamar malami na karanta allo. Ya ce mai jirgin na farko ya taɓa matsa wa injin totur yana da sanyi: fistan na alminiyam ne, yana saurin ɗaukar zafi ya buɗe, silinda kuwa ruwan sanyi na kewaye da shi bai buɗe ba tukuna, sai fistan ya rasa wurin wucewa ya goge a kusurwoyinsa huɗu. Wani lokaci injin yakan tsaya, ya huce, a sake tayar da shi ya tashi kamar babu abin da ya faru, mai shi ya ɗauka datti ne a fetur, alhali tabon yana nan yana jiran wata rana.

A kan kiranshaf, wato babbar sandar da fistan ke juyawa, na sha kaye. Injin mota yana kwance da kaskon mai, amma na melanji ba shi da abin da ke kare boris ɗinsa sai ɗan maiƙon da fetur ya bari a tashin ƙarshe, kuma ƙofar salansa da ta kafireta a buɗe suke, iskar damina tana shiga tana fita. Da muka raba akwatin injin gida biyu muka juya sandar a hankali, sai na ji wani ɗan gurzo a ƙarƙashin yatsana, kuma da muka kawo madubin ƙara girma muka ga ɗigon tsatsa a kan alluran boris na gindin sandar fistan. A babur da na wanke da kananzir na mayar, kuma da ya yi wata shida yana yawo kafin ya buga. Sandar kiranshaf kuwa an matsa gaɓoɓinta ne da babban inji a masana'anta, ba a warware ta a gareji, sabuwa ake sawa gaba ɗaya. Ban sake yi wa Ajidan maganar kuɗin yini ba, shi ma bai tuna mini ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ba zan manta ba. A kan sandar fistan, wurin da fil ke shiga, allurai ne sako-sako guda 31 ba tare da kejin da ke riƙe su ba. Ajidan ya shimfiɗa farin ƙyalle ya toshe bakin akwatin, ya sa ni na ƙirga su a faranti sau biyu ga kowane fistan, domin allura guda da ta sulale ciki ba a gani ba ta isa ta farfasa injin a sama.

Kayan da muka yi oda daga Faransa sun biyo ta Yamai, sun ɗauki mako shida. A wannan jira muka kankare gawayin kan silinda, muka wanke kafiretoci, muka auna faɗin silinda da ma'aunin da ke gane kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, abin da a da nake yi da farce da ido. Haɗawar ta ɗauke mu kwana huɗu, aikin da a gareji zan gama kafin la'asar, saboda kowane noti da ƙarfin da aka rubuta masa, kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi bi da bi. Wannan inji yana da wani faifai mai juyawa da ke buɗe hanyar melanji ya rufe, wata 'yar sanda da ta gitta tsakiyar injin ke juya shi, ita ce kuma ke juya famfon ruwa. Sandar tana da ɗan tankin manta daban, wanda ake duba shi kafin kowane tashi, domin idan man ya yi fari kamar kunu to ruwan lagireto ya fara ratsowa. Faifan kuwa idan aka kuskure haƙori guda wajen ɗaura shi, injin zai tashi amma ba zai taɓa ba da ƙarfinsa ba.

Maganar fetur ta fi komai ba mu wahala, kuma duk wanda ya san Maradi ya san dalili. A kowace kwana akwai mai tebur da kwalaben ruwa-ruwa, wato fetur ɗin bakin titi, kuma ni kaina da shi na yi shekaru ina gwada babura. Ajidan ya hana ko kwalba ɗaya ta shigo rumfa, saboda babu mai iya ce maka daga ina ya fito, kwana nawa ya yi a jarka cikin rana, ko an surka shi da wani abu. Injin yana son fetur da ƙarfinsa bai gaza lamba 90 ba, wanda ya daɗe a ajiye kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi. A gidan mai muke saye da safe, mu tace shi ta mazurari mai raba ruwa da datti, sannan mu haɗa. Akwai irin wannan inji mai famfon da ke zuba mai da kansa, amma namu mai shi na farko ya cire famfon, don haka da hannu muke gauraya kashi ɗaya na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 400 a jarkar lita 20, da kofi mai layin awo. Ba baƙin man mota da mutanenmu ke tsiyayawa a janareto ba, man melanji na ainihi. Na taɓa cewa mu ƙara man kaɗan don kariya, kamar yadda nake yi wa sabon babur, sai Ajidan ya nuna mini zoben da ya manne ya ce ga abin da yawan mai ke haifarwa. Jarkar da aka haɗa kuwa a take ake ɗaura mata jan ƙyalle, saboda mantuwa ɗaya a wannan wuri, a zuba fetur tsura a tanki, ta isa ta kashe injin cikin 'yan mintoci.

Salansa ma ba abin wasa ba ne. Masu walda a gari sukan yanke na babur su gajarta shi don ƙara, amma a injin melanji tsawon salansa da kumburinsa lissafi ne, su ke mayar da melanjin da ya so tserewa cikin silinda a daidai lokacin da ƙofa za ta rufe. Mun shafa wa gaɓoɓinsa mai mai jure wuta, muka zura waya ta cikin kowane sifirin muka ɗaure, tunda farfela a baya take kuma duk abin da ya ɓalle ta cikinta zai bi.

Sabon fistan da sababbin zobba suna bukatar a saba musu da silinda a ƙasa kafin a tashi, kuma littafin ya tsara yadda za a yi cikin kimanin awa ɗaya: a riƙe wani juyi na 'yan mintoci, a ɗaga na ɗan lokaci, a sassauta, a sake ɗagawa sama da na baya, har a kai ƙarshen totur. Mun ɗaure jirgin da igiya a jikin mota, muka sa yarona ya kori yaran da suka taru a bakin shinge, Ajidan ya zauna a kujera idonsa a kan agogai, ni kuma na tsaya a gefe da kunnena. Injin ya tashi a ja na uku. Da muka wuce minti ashirin muka kai tsakiyar totur, sai kukansa ya washe ya yi tsaf, hayaƙi ya ragu, na ɗaga wa Ajidan babban yatsa ina murmushi. A daidai wannan lokaci ya mayar da totur ya kashe injin.

A bakin kowane silinda akwai wani tsinke da ke auna zafin hayaƙin da ke fita. Iyakar da aka yarda ita ce digiri 650, kuma bai kamata silinda biyu su bambanta da fiye da digiri 25 ba. Namu ɗaya yana zaune wajen 580, ɗayan kuwa ya haura 640 yana ci gaba da hawa. Laifin nawa ne. Tsakanin kowace kafireta da inji akwai wani wuyan roba, kuma cikin kayan da suka zo guda ɗaya aka sako maimakon biyu. Na duba tsohon na ga lafiya yake, na mayar da shi ban faɗa ba. Da muka cire muka lanƙwasa shi a rana sai ga tsaga siririya a ƙarƙashin maɗauri, wadda ba ta buɗewa sai inji na girgiza. Ta nan iska ke shiga ba tare da ta biya ta kafireta ba, melanji ya yi tsinkakke, wuta ta ƙara zafi, kuma tunda a cikin fetur man yake, raguwar fetur raguwar mai ce a daidai lokacin da fistan ya fi bukatarsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne injin melanji bai fi daɗin kuka ba sai a irin wannan hali, dab da zai narkar da fistan. Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, kuma da kunne na ci abinci shekara ashirin, amma a ranar ɗan agogon da bai kai tafin hannu ba ya ga abin da ni nake yi wa tafi.

Kunya ba ta hana ni kawo dabara ba. Na ce: “Baba, ina da gam mai ƙarfi da robar tayar ciki, in naɗe shi zai fi sabo riƙo.” Ya dube ni ya ce: “A babur idan gam ya saki, mai shi zai turo maka shi yana zaginka. A nan wa zai turo?” Muka sake jiran mako uku saboda roba guda da ba ta fi kofin shayi ba.

Kafin ta iso hunturu ya kama, wannan kuma ya buɗe mini wani karatun. Kafireta ba ta san yanayi ba, hudar da fetur ke bi guda ce ko da yaushe, amma nauyin iska yana canzawa. Da asubahin hunturu iska tana da sanyi da nauyi, inji yana shaƙar ta da yawa, melanji ya tsinke, zafin hayaƙi ya hau. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, iska ta yi sauƙi, fetur ya yi yawa, inji ya yi nawa, fiffike ma ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Maradi ba ta kai mita 400 daga saman teku ba, don haka tsawo ba shi ne damuwarmu ba, wannan tazara tsakanin sanyin Janairu da zafin bazara ita ce. Akwai jadawalin da ke nuna girman hudar da ta dace da kowane yanayi, muka bi shi, muka kuma daidaita kafiretocin biyu su riƙa buɗewa tare. Farfela ma tana da hannu a ciki, abin da ban taɓa zato ba. Idan karkatar fukafukanta ta yi kaɗan injin yana gudu babu kaya, ya wuce iyakarsa ta juyi 6,800, hayaƙi ya yi zafi. Idan ta yi yawa kuma ya kasa kai ƙarfinsa. Sau uku muna sassautawa muna ɗaurewa kafin ya tsaya wajen 6,300 yana ɗaure a ƙasa. Gwaji na biyu ya tafi awarsa cif, agogan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Ranar tashin farko mun iso bayan sallar asuba, kafin iska ta motsa. Ajidan ya tsiyayo ɗan fetur daga gindin tanki a kwalba ya ɗaga a haske ko akwai ruwa, ya bi kowane bututu da hannu, sannan ya tayar da injin ya bar shi yana ɗumama a ƙaramin juyi har ruwan ya kai digiri 65. Ya ɗaga zuwa 3,000 ya kashe hanyar wuta ɗaya, ya mayar, ya kashe ɗayar, yana duba kada juyin ya faɗi da fiye da 300. Bayan ya sami izini daga masu kula da filin ya tashi shi kaɗai, kuma minti arba'in da ya yi a sama bai bar saman filin ba, yana kewaye a tsawon da ko injin ya mutu zai sulalo ya sauka a kan titin. Da ya sauko muka cire buji huɗu muka jera, dukansu launin ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, babu fari babu baƙi.

Sai a tashi na biyar ya ɗauke ni. Ban iya kwatanta yadda cikina ya yi ba, amma da muka daidaita sai ga Gulbi a kwance da farin rairayinsa, lambuna kore shar a fadama, ga Tibiri can gefe, ga gawo a watse cikin gonakin da aka girbe, shi kaɗai da ganye a tsakiyar rani kamar yadda ya saba. Ajidan bai bar ni na yi kallo ba. Kowane minti biyu sai in ji muryarsa a kunne: “Ɗana, idan ya tsaya yanzu, ina za mu sauka?” Na nuna wata gona mai faɗi, ya ce akwai kututture da tarin kara. Na nuna rairayin Gulbi, ya ce ƙafa za ta nutse mu kife. Ya koya mini in nemi fili mai tauri, in lura da inda hayaƙin girki ke karkata don sanin iska, in kuma bi kunya a tsawonta idan gona ce, kada in gitta ta. Saman gari kuwa bai bi ba ko sau ɗaya, gara ya yi dogon zagaye, domin tsakanin rufin kwano da wayoyin lantarki babu wurin saukar da ko tabarma.

A hanyar dawowa na lura bai mayar da totur gaba ɗaya ba, ya fara sauka tun daga nesa da ɗan ƙarfi a injin, lokaci-lokaci yana ɗan ƙara masa. Daga baya ya bayyana mini cewa doguwar sauka da totur a rufe ita ce tarkon wannan inji: fetur kaɗan ke shiga, saboda haka mai ma kaɗan ne, ruwa yana hucewa, sannan idan matuƙi ya ga bai daidaita ba ya danna totur gaba ɗaya don ya sake tashi, sai a maimaita abin da ya bar zane huɗu a tsohon fistan, a tsawon da bai wuce na bishiyar kuka ba.

Cikin wata huɗu da na yi tare da jirgin bai taɓa tsayawa a sama ba, amma ba zan ce wa kowa injin melanji ya kai mai bugu huɗu aminci ba. Kamfanin da ya yi shi ya fito da Rotax 912 mai bugu huɗu tun 1989, mai ƙarfin doki 80, wanda yanzu yake kai awa 2,000 kafin a warware shi, ga kuma ƙarancin shan fetur, alhali namu idan ana matsa masa yana shan wajen lita 20 a awa. Masu hali duk can suka koma, kuma a ƙarshen 2021 kamfanin ya daina ƙera 582 ɗin. Sai dai abubuwan da na gani da idona suna kashe shi, tsatsar zama da tsagaggiyar roba da zoben da ya manne da totur a kan sanyin inji, babu ko ɗaya da ya faɗo daga sama, kowanne yana da ranar da wani ya gan shi ya ce bari sai gobe. Bambancinsa da babban inji shi ne ba ya ba da dogon gargaɗi, tsakanin hawan agogo da cijewar fistan wani lokaci ba ya wuce minti guda.

Sauran kwanakin aikin sun tafi a kan abu guda kullum. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska cikin 'yan tashi kaɗan, sai a wanke a shanya a shafa mata manta. Bayan kowane tashi a toshe bakin salansa, a rufe kafireta da ƙyalle, a rubuta mintocin a littafi, melanjin da ya yi mako biyu a jarka kuma a ba ni in kai gareji. A awa 50 muka sake cire salansa muka danna zobba da tsinke, duka suna motsi. Buji kuwa, ƙirar NGK masu lamba BR8ES da muke saita bakinsu a rabin milimita, kowace awa 25 Ajidan yake cire su guda huɗu ya sa sababbi, ko da kuwa ba su nuna komai ba. Da farko a kwandon shara yake zuba su, ni kuma ina bi ina tsincewa, har ya gaji ya fara miƙo mini su a hannu. Biyu daga cikinsu na sa wa wani mai lambu a Jiratawa a tsohuwar Suzukinsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma da ya kawo babur ɗin gyaran birki bayan damina biyu na duba na tarar ta biyun ce har yanzu a ciki.